Yadda Na Kai Inna Aikin Ido Maraɗi a Shekarar Canjin Kuɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci a tare ni, a makarantar da nake koyarwa a tare ni, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe mani kofi ya ce sai na faɗa masa yadda mutum zai ƙetare iyaka da tsohuwar da ba ta gani, aljihunsa kuma fayau. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce za ni zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Mu mutanen Kurawa ne, rashin kwanciyar hankali ya maido mu cikin garin Sabon Birni. Inna, mahaifiyata, yana ta rufe mata idanu biyu, ta kai sai dai ta bambance rana da inuwa. Ni ne ɗanta na ƙarshe, kuma duk da na haura arba'in, Auta take kirana ko a gaban ɗalibaina. Tana da ɗan'uwa a Tsibiri ta ƙasar Nijar, Kawu Maidabo, kakansu ɗaya. Shi ya aiko cewa akwai likitan da ke cire yana a Maraɗi, har ya rubuta sunanta, an ba ta wata ranar Litinin. Litinin ɗin kuwa ita ce ta makon zaɓen shugaban ƙasa.

Kuɗin aikin muna da su. Ni da wana Garba mun yi kiwon wani sa, muka sayar bayan kaka. Sai ga sanarwa cewa za a canza manyan takardun naira, tsofaffi za su daina aiki. Inna ta ce a sayi awaki da kuɗin a ɗaure, in lokaci ya yi a sayar. Na yi mata dariya irin ta ɗan boko, na kai wa mai POS ya zuba mani su a asusun albashina. Bayan 'yan makonni aka wayi gari tsofaffin an kwashe, sababbin ba su iso ba. Kuɗina na nan, ina ganin su a fuskar waya, amma ko na cefane ba su fitowa.

Kowa da abin da yake faɗa a kan dalili. Wasu suka ce an yi ne don 'yan siyasa su rasa abin sayen ƙuri'a. Wasu suka ce don a karya mutanen daji masu karɓar kuɗin fansa, mu kuwa a yankinmu duk wanda ya ce maka haka sai ka saurare shi. Ni dai abin da na sani, Litinin na matsowa. Garba ya buɗe ɗakin ajiya ya ja buhun wake ɗaya da rabi, ya ce in tafi da su, wake ba ya buƙatar sabis.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga motar Ɗanjuma, wanda ke jigila zuwa bakin iyaka. Ya daina tambayar kuɗi tun makon da ya wuce. Tiya ce a gefensa, ya auni huɗu daga wakenmu ya ce mu biyu mun biya. Wani ya ba da albasa, wata mata kuma ta miƙa kaza, ya ɗaure mata ƙafa da tsumma ya tura ƙarƙashin kujerarsa.

Da farko motar ta cika da gardama. Wani saurayi mai hular jam'iyya yana rantsuwa cewa bana talaka zai zaɓi son ransa tunda ba mai abin raba masa. Wani dattijo ya ce manyan da ake son kamawa tun tuni an kai masu sababbi har gida, shi da ke sayar da rake ne aka kama. Da muka shiga wani yanki mai duhuwa wanda kowa ya san ba a tsayawa cikinsa, sai gardama ta mutu, ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa. A daidai nan motar ta faɗa rami, tsumman ƙafar kaza ya kwance, ta yi fiffike a fuskar Ɗanjuma ta fice ta taga. Ya taka birki. Ya dubi kaza tana tsallake kunyoyi, ya dubi daji, ya ja numfashi ya sa giya. Sai da muka fita sarari matar ta ce, a hankali, ita dai ta biya. Motar ta fashe da dariya, har da Ɗanjuma, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne iyaka, domin Inna ba ta taho da wata takarda ba. A ɓangarenmu suka dube ta suka yi mata fatan samun lafiya. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi katina yana juyawa, fuska ba walwala, ya tambayi na tsohuwa. Ina cikin haɗa bayani sai ya sunkuya ya ga zanen da ke kumatunta. Nan take fuskarsa ta sake. Ya ce ashe Bagobira ce ta fito yawo ba ta nemi izinin ubangidanta ba.

Inna ta karkata kai ta ce, "Muryar Bazabarme nika ji. Zo nan, bawana, ɗauki kayan ga ka kai mota."

Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, na sani a baki, amma ban taɓa ganin wasan ya yi aikin takarda ba sai ranar. Mutumin nan da kakinsa ya saɓa rabin buhun wake ya kai har motar Gidan Rumji, yana tafe suna zagin juna. Ya rubuta mata 'yar takarda da Faransanci ya buga hatimi. Da ya ji ta kira ni Auta, ya dubi furfurar gemuna ya ce in wannan ne auta, ba ya son ganin babban.

A tashar Gidan Rumji yunwa ta kama mu, ba mu da ko dala ta sefa, kuɗin Nijar. Na zaunar da Inna a inuwa ina tunanin wanda zan tallata wa wake, sai wata mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta ta nufo mu. Ta durƙusa ta gaida Inna da sunanta na yarinta. Tumba ce, mutuniyar Gatawa, ƙanwarta ta yi aure a unguwarmu ta Kurawa. Shekara biyu ke nan da suka gudo bayan mutanen daji sun shiga garinsu. Ta riƙa jero sunaye tana tambaya, wane yana nan, wance ta haihu, an noma fadama bana. Wasu amsoshin na ba ta, wasu na yi shiru ta gane. Ta share ido da bakin zane ta ce mutanen nan sun riƙe su da mutunci, an ba mijinta gona aro, amma ran da aka ce gida ya lafa ko kaskon ba za ta tsaya wankewa ba.

Ita ta sayi rabin buhun, don wake ne sana'arta. A can da dala suke lissafi, wato sefa biyar-biyar, sai ta riƙa ambaton dala kaza da jaka kaza, ni malamin makaranta na tsaya ina ƙirga yatsu. Inna da ba ta gani ta gama lissafin a ka, ta ce wa Tumba ta ƙara mana da yawa, ta rage. Da sefar farko da ta shiga hannuna na sayo burodinsu, dogon nan mai tauri kamar an gasa shi sau biyu. Na ɗora wa Inna a hannu. Ta shafa shi daga sama har ƙasa ta ce tana da sanda, abinci ta ce in sayo.

Da la'asar muka isa Tsibiri. Kawu Maidabo tsoho ne gajere mai yawan barkwanci, ya taɓa yin fatauci, yanzu sai 'yan tumaki da carbi. Aka sauke Inna a ɗakin matarsa, ni a zaure. Ba abin da ya yi mani baƙo a gidan, harshe ɗaya, zane ɗaya, furar ma irin tamu ce, sai dai dambunsu ya fi namu zogale. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne shayi. Mu kofi guda ne mu sha mu tashi. Su kuwa ɗan mitsitsin gilashi ne, zagaye uku, na farko ɗaci kamar magani, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Da suka ji ni malami ne sai kowa ya koma kirana Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci. Asibiti kuma su likita suke ce masa, shi likitan kuwa lokotoro, har sai da Kawu ya ce mani gobe za mu shiga cikin likita na tsaya ina kallonsa.

Ranar Juma'a muka shiga Maraɗi wurin 'yan canji. A nan na ga abin da ya ɗaure mani kai: sababbin takardun naira da muke nema ido rufe a gida, ga su ɗauri-ɗauri a kan tebur. Na ce ina da kuɗi a banki, za ni tura masu su ba ni sefa. Na farko ya ce ba ya karɓar kuɗin waya. Na biyu ya ce zai karɓa, amma kashi ɗaya cikin uku nasa ne, domin shi ma bai san ranar da zai fitar da su ba. In na yarda, abin da zai rage ba zai kai kuɗin aiki ba. Muka sayar da buhun da ya rage, ya kama kuɗin magani da na mota, aikin kansa ko rabi. Asabar na koma na zagaya, maganar ba ta canza ba.

Ranar Lahadi bayan azahar muna zaune gindin dalbejiyar gidan, na kasa cin abinci. Kawu ya dube ni ya ce yau na san abin da ya sani. Ya ba ni labarin shekarar da aka karya darajar sefa. Ya tara kuɗin injin niƙa biyu da za a kawo masa daga waje, ya kwana da kuɗin biyu ya tashi da kuɗin ɗaya, ba ɓarawon da ya shiga gidansa. Ya ce a rediyo ya ji, kuma waɗanda suka yanke hukuncin ko sunan Tsibiri ba su taɓa ji ba.

Sai Inna ta ce nata ya riga nasa. Ta ce zamanin soja, ba a daɗe da tumɓuke gwamnatin da aka zaɓa ba, aka canza launin naira aka rufe iyaka, aka ba da 'yan kwanaki. Lokacin ina goye. Babanmu ya kawo shanu uku nan ƙasar ya sayar, aka biya shi da naira, rufewar ta same shi a wannan gidan da muke zaune. Ya bi daji da ƙafa ta bakin gulbi, ya isa gida, ya wuce inda banki yake, ya kwana biyu a layi, wa'adi ya cika bai kai ga taga ba. Ya dawo da kuɗin a cikin rigarsa ya miƙa mata. Ta ce ta ajiye su cikin kwalla shekara da shekaru, har gara ta cinye.

Ban taɓa jin wannan labari ba. Babanmu ya rasu bai ambata ba ko sau ɗaya. Na ce mata me ya sa ba ta gaya mani ba ran da ta ce a sayi awaki.

Ta ce, "Kana dariya, Auta. Ba a ba mai dariya labari." Sannan ta ce, "Shekarar ga ma mun ci tuwo. Ci abincinka."

Litinin da sassafe muka tafi asibitin duk da haka, domin Kawu ya ce a je a roƙi a ɗaga mata rana, kada sunanta ya faɗi. Muka zauna a benci cikin tsofaffi masu jiran aiki. Kusa da mu wata mata ce mai jiki, ta kawo mahaifinta, waya biyu a hannunta tana ta faɗa da wani a kan kaya. Da ta ajiye wayar Inna ta yi mata sannu, ta ce ta ji ranta a ɓace. Matar, Hajiya Rabi, ta ce robobi take sarowa daga Kano, bokitai da butoci. Motar kayanta na can Kano an loda, mai kaya ya ce ba za ta tashi ba sai ya ga kuɗi a asusunsa, ita kuma sefa ce da ita, 'yan canji na neman yanka ta. Inna ta juyo inda take jin numfashina ta ce in buɗe baki in yi magana.

Cikin minti kaɗan muka gane cewa abin da take nema shi ne a wayata, abin da nake nema shi ne a jakarta. Muka yi farashi na tsakani, wanda ba wanda ya cutu. Matsala ɗaya, ƙaramar wayata ba ta tura kuɗi sai da sabis ɗin Najeriya, shi kuwa sai an koma bakin iyaka. Ana haka aka kira sunan Inna. Hajiya Rabi ta tashi ta nufi tagar biya, ta zaro sefa ta biya kuɗin aikin gaba ɗaya, ta kawo mani rasit. Na ce mata ba ta san ni ba, ko sunan unguwarmu ba ta tambaya ba. Ta ce wanda ya bar uwarsa a kan gadon lokotoro ba ya gudu.

Muka bar Kawu da tsofaffin biyu, muka shiga ƙaramar motarta zuwa iyakar da ke wajen Jibiya. Kafin a kai shingen akwai wani tudu da bishiyar gawo, a nan sabis ɗin gida ke tsallakowa. Na iske mutane sun fi talatin, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Har kasuwa ta kafu a wurin, da mai rake da mai cajin waya. Na danna lambobi, aka ce in sake gwadawa. Na sake, ya yanke. Rana ta take, gumi ya jiƙa mani riga, tunanina rabi a kan waya rabi a kan wuƙar da ke kusa da idon Inna. Hajiya Rabi na zaune a mota ƙofa buɗe tana cin rake. Wani Bafillace da ya ga wahalata ya ce in matsa wajen wani suri in fuskanci kudu, a nan nasa ya tafi. Na hau surin. A gwaji na goma sha wani abu saƙo ya shigo cewa an cire kuɗin. Na tsaya ban motsa ba, domin a kwanakin nan sau da yawa a cire ne bai isa ba. Can wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta saurara, ta tofar da ɓawon rake ta ce, "Sauko, Mushe. Motar kaya ta tashi."

Mun iske an gama aiki, ido ɗaya aka yi, ɗayan sai bayan wata biyu. Washegari lokotoron, wani matashi mai sanyin murya, ya cire auduga a hankali. Inna ta ƙifta, hawaye na zuba, ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya. Sannan ta dubi Kawu ta daɗe, ta ce ashe haka ya lalace ba wanda ya gaya mata. Ni kuwa ta kama gemuna ta ce yaushe wannan ya faru. Na fita waje na tsaya bayan wata mota sai da na natsu.

A hanyar komawa Tsibiri muka bi ta gaban teburan 'yan canji, ta ce a tsaya a nuna mata sabon kuɗin da ya hana mutane barci. Wani ya miƙo mata dubu ɗaya. Ta kai ta kusa da idon, ta juya, ta mayar masa ta ce ai tsohuwar ce aka rina.

Aka sake duba idon ranar Alhamis aka ce ya yi kyau. Kawu ya so mu ƙara mako, tunda za a rufe iyaka ranar zaɓe. Inna ta ce Juma'a za mu tafi, katinta na zaɓe na can gida. Na ce mata wace ƙuri'a kuma, da ɗanyen ido. Ta ce zaɓen da ya wuce wani ne ya kama mata yatsa ya dangwala, har yau ba ta san wa ta zaɓa ba.

Muka tsallako Juma'a da rana. Asabar da safe na raka ta rumfar da aka ware wa mutanen Kurawa a cikin gari, da baƙin tabarau ɗin da aka ba ta a asibiti, mata na ta tsokanarta wai ta dawo 'yar birni. A bakin hanya wakilan jam'iyyu na raɓe-raɓe, bana ba kuɗi sai taliya da sabulu da alkawarin za a turo ta waya. Wani ya nufo ta da ƙulli, ta ce ya kai wa mai bukata. Da layi ya zo kanta, jami'in ya ce in shiga in taimaka mata kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Na kama hannunta za mu tafi.

Ta ce, "Sake ni, Auta. Ina gani."

Na sake ta. Ta taka ita kaɗai har bayan akwatin, ta ɗaga tabarau zuwa goshi, ta shimfiɗa doguwar takardar, ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, alama bayan alama, ba ta gaggawa, mutane na jira a rana ba wanda ya ce ta yi sauri. Sannan ta dangwala, ta naɗe, ta jefa. Har yau ba ta gaya mani wa ta zaɓa ba, ni kuma ban sake tambaya ba.